Inda Kififiya Ke Yin Ƙwai

Shekarar da jalɗa ta bugi Inna, wato abin da 'yan ƙasarmu ke cewa shanyewar ɓarin jiki, Larabcinta ya kwashe kayansa ya tafi, ya bar mata Hausa kaɗai. Matar da ta yi shekaru ba iyaka tana sayar da soyayyar gyaɗa a hanyar Ƙuba, tana mayar wa Larabawa magana da harshensu har su yi dariya su ƙara saye, sai ga shi ko "shukran" ta gagare ta. Hausar ma da ta rage ba irin tamu ba ce ta Madina, wadda rabinta Larabci ne. Wata tsohuwar Hausa ce ta yarinta, kalma ɗaiɗai, kuma kullum raguwa suke.

Ni ce autarta. Tela ce ni, ina ɗinki a gidanmu na Harra ta Gabas, kuma tun da aurena ya mutu nake zaune da ita, don haka jinyar a hannuna ta faɗo. Ina da wa guda ɗaya, yana zaune a Aziziya da iyalinsa. Yaya yana jin Hausa sarai, amma ko za a yanka shi da Larabci zai amsa miki. Ni kuwa ina taƙama cewa duk dangi babu wanda ya kai ni Hausa. Taƙamar nan ta sha ƙasa a wannan shekarar.

Wata safiya ina ba ta kunu, sai ta kau da kai, ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna bangon yamma, ta ce, "Kififiya."

Na ce, "Me kika ce, Inna?"

Ta sake faɗa, a hankali, tana kallona kamar ni ce mara lafiyar. Na duba bangon, babu komai sai kalanda da agogo. Na ce to, na ci gaba da ba ta kunu. Da rana ta faɗa, da yamma ta faɗa. Washegari da shi ta tashi.

Da Yaya ya zo na gaya masa. Bai ko zauna ba ya warware matsalar, don shi haka yake, bai taɓa rasa amsa ba. Ya ce da Larabcinsa, "Kufiyya, ya binti! Hular Baba take so." Kufiyya ita ce farar hular nan da maza ke sawa a ƙarƙashin gutura, wato mayafin da Larabawa ke yafawa a kai, kuma marigayi babanmu ya bar su da yawa a akwati. Maganar ta zauna mini. Na ce Allah sarki, tsohuwa tana kewar mijinta. Na fito da hulunan, na wanke, na goge, na turara su, na kawo mata guda a kan faranti sai ka ce kayan lefe. Inna ta dubi hular, ta dube ni, ta ɗauka ta wurga ta bayan gado.

Yaya ya ce ai ba wannan ba ce, wadda Baba ke sawa ran Juma'a take nufi. Na kawo ta Juma'a, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ya je kasuwa ya sayo sabuwa mai aikin zare, wai ko kyauta take so ta yi wa wani. Wannan ko taɓa ta ba ta yi ba, ido kawai ta rufe.

Sai na ce da shi ya matsa ya ba masu Hausa wuri. Kifi take cewa, bakinta ne ke maimaitawa saboda ciwon. Na sayo kifi, na yi mata shinkafa da shi irin ta mutanen Yanbu, na cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi zafi. Ta ci loma biyu, ta ture kwanon, ta ce, "Kififiya," hawaye na bin gefen fuskarta da ya mutu. Ranar zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Haba Inna! Hula an kawo, kifi an dafa, me kike so in yi, in tsaga kaina?" Na fita tsakar gida na bar ta. Har yau in na tuna wannan tsawar sai in ji kamar in nutse.

Kusan wata biyu muka yi a haka. Likita kuma ya riga ya gaya mana a fili cewa jalɗa ta biyu tana iya zuwa kowane lokaci, in ta zo maganar da ta rage ma za ta tafi. Ni da kaina ina gani. Sunan jikokinta ya fita, "ruwa" ya fita, sai ta nuna kofi. Wannan kalma ɗaya ce ta ƙi fita, kuma ita ce ba mu sani ba.

Wadda ta fitar da mu wata dattijuwa ce 'yar Chadi da ke bayan layinmu, muna ce mata Iya. Tausa take yi wa mata, na kira ta ta riƙa murza wa Inna ɓarin da ya shanye da man zaitun. Tana cikin tausar Inna ta faɗi kalmarta. Iya ta tsaya cak, ta ce, "Ikon Allah! Hajiya, ina kika san kififiya a garin nan?"

Na ce, "Iya, kin san ta?"

Ta ce, "Yo wa bai san kififiya ba? Kunkurun ruwa ne. A bakin tafki aka haife ni, mun ci ƙwanta har mun gaji."

Na ba ta labarin huluna da kifi. Iya ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Ku 'ya'yan Madina, Allah ya shirye ku. Uwa tana neman kunkuru kuna ba ta hula!" Na ji kunya, amma ina laifina? Mu da aka haifa tsakanin baƙaƙen duwatsun Harra, kunkurun tudu ma a talabijin muka san shi. Gaskiyar masu magana, rashin sani ya fi dare duhu. Da na juya wajen Inna, sai na ga ta kama hannun Iya ta riƙe gam, tana gyaɗa kai kamar wadda aka buɗe wa ƙofa.

Labarin bai fito a rana ɗaya ba. Kwana da kwanaki muka yi, Iya tana tambaya, Inna tana ba da kalma biyu uku, ni ina harhaɗawa yadda nake haɗa ƙyallaye. Mun san tuntuni cewa tana ƙarama iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka yi shekaru a Sudan, suka haye Bahar Maliya a jirgin ruwa na katako. Mun san uwarta ta rasu a hanya. Iyakar abin da aka taɓa gaya mana ke nan, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.

Ashe a cikin jirgin ta rasu, saura kwana ɗaya su iso. Masu jirgi suka so a sa ta a ruwa, kakanmu ya yi ta roƙo har suka haƙura. Suka sauke su a wani bakin teku da babu gari babu mutum, yashi ne kawai. Maza suka fara haƙa da hannu da ƙwarya, sai suka ci karo da ƙwai, farare, masu yawa, a binne cikin yashin. Wani ya ce na kififiya ne. Mutane sun kwana biyu ba su ci komai ba. Mazan suka matsa gaba suka sake haƙa, mata suka hura wuta suka dafa ƙwan, aka kira yara. Inna tana cikin yaran. Ta ci, ta ƙara, ta ƙara. Da ta waiwayo, an riga an rufe uwarta an baje yashin, har ana shirin tafiya.

Nan ta tsaya da labarin. Iya ta tambaye ta, "To yanzu me kike so, Hajiya?"

Inna ta ce, "In gaishe ta."

A daren ban iya ɗinki ba. Da safe na kira Yaya na ce ya shirya mota. Ya ce mota zuwa ina? Bahar Maliya ba rijiyar gida ba ce, bakinta ya kama tun daga arewa har Yaman. Yawancin jiragen wancan zamani ma, in ji shi, can kudu da Jidda suke sauke mutane. Wa ya san wurin? Ko masu jirgin sun tashi daga kabari ba za su gane ba. Ga tsohuwa ba lafiya, ga zafi, in wani abu ya same ta a hanya wa zai ɗauki alhaki?

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ma ya fi ba ni haushi. Na ce, "Kai da ka ce hula ce, yau kuma kai ne masanin teku? Wata biyu matar nan tana roƙonmu abu ɗaya. In ba za ka kai ta ba, zan ɗauki tasi, a ji a dangi cewa ɗanta yana da mota." Ya kashe waya. Bayan azahar ya sake kira, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ya tambayi wani abokinsa mai kamun kifi. Akwai wani bakin teku arewa da Yanbu da hukuma ta killace saboda kunkurun ruwa suna fitowa su yi ƙwai, kuma lokacinsu ne. Ya ce, "Ban ce nan ne ba fa." Na ce na ji, ban ce ka ce ba.

Muka fita da hantsi, Inna a baya tsakanin matasai, ni kusa da ita, keken guragunta a but. Hanyar ta ratsa duwatsu ta gangara, muka tsaya a Yanbu muka yi salla muka jira rana ta yi sanyi. Inna ba ta yi barci ba ko kaɗan. Ta sa na ɗaura mata sabon kallabi, ta sa na shafa mata turare a wuya, irin shirin da take yi in za ta gidan surukai.

La'asar ta yi lokacin da kwalta ta ƙare, muka hau hanyar ƙasa. Ina jin kunyar faɗa, amma shekaruna sun haura hamsin, teku na nan kusa da mu, ban taɓa ganin bakinta ba sai wanda aka gyara, mai fitilu da masu sayar da shayi. Wannan daban ne. Yashi fari tas, ruwa kore a kusa, shuɗi a nesa, ba gini ba hayaniya. A wani lungu na ga itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri, ganyensu shar, zalɓe yana tsaye a gindinsu da ƙafa ɗaya. Can gaba wasu tsuntsaye ne masu dogayen ƙafafu, jikinsu ja-ja, sun sunkuyar da kai cikin ruwa. Ƙaguwa kuwa ba a magana, farare, suna gudu a karkace suna faɗawa ramuka. Na sauke gilashi, iskar ta shigo da ƙarnin gishiri, sai na ji Inna ta ja numfashi mai tsawo, hancinta yana motsi.

Akwai ɗan ɗaki a bakin wurin da mai gadi, wani Balarabe mai furfura. Ya ce mota ba ta wucewa daga nan, kuma bayan igiyar can mamnu'i ne, ba a shiga, don duk yashin ƙwai ne a ƙasa. Yaya ya ja shi gefe ya yi masa bayani. Ban ji duka ba, amma na ga mutumin ya leƙo ya dubi Inna, ya dafa ƙirji ya yi mata maraba, ya ce, "Ya hala, ya ummi." Ya ce mu je har bakin igiya, ba zai hana ba. Yaya ya tambaye shi ko ya taɓa jin an ce akwai kaburbura a nan. Ya girgiza kai. Ya ce kakanninsa sun sha ba da labarin alhazai baƙaƙe da ake saukewa a bakin tekun nan, nan da can da ko'ina, amma yashi ba ya riƙe alama, iskar shekara ɗaya ta isa.

Muka sauke keken, ya yi taku biyu ya nutse. Na tura, Yaya ya ja, ko motsi. Na fara masifa, ina zagin keken da wanda ya ƙera shi. Sai Yaya ya cire guturarsa ya miƙo mini, ya durƙusa a gaban Inna ya ba ta baya. Mutumin da ya ba sittin baya, ga tumbi, ga ciwon gwiwa. Ya ce, da Hausa, wallahi da Hausa, "Hau, Inna." Na ɗora masa ita, na ɗaure ta da guturar yadda ake goyon jariri. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya tsorata ni.

Muka taka a hankali, takalmana a hannu, yashin da ɗumi. Kafin mu kai igiya na ga sawun. Wata hanya ce mai faɗi ta fito daga ruwa ta hau tudu, kamar an ja buhun hatsi, gefe da gefe kuma an caccaka. A ƙarshenta rami ne da aka baje. Ga wata can, ga wata can, har iya ganina. Mai gadin, da ya biyo mu daga nesa, ya ce na jiya ne, uwar ta zo ta binne ta koma, ba ta kuma dawowa ta duba.

Inna ta ga sawun ita ma. Hannunta mai lafiya ya damƙe kafaɗar Yaya. Ta ce, "Kififiya," amma wannan karon ba roƙo ba ne, nuna mana take. Muka tsaya a bakin igiyar. Ta daɗe tana duban yashin, daga dama zuwa hagu, ta koma. Sannan ta juyo da ido wajena ta ce, "Nan ne?"

Yaya ya yi maza ya ce mini da Larabci, don ya san ba ta ji yanzu, "Ki ce mata e. Don Allah ki ce e."

Na buɗe baki in faɗa, ya ƙi fita. Matar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ko ta rarrashin yaro. Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Yaya ya harare ni kamar zai cinye ni. Inna kuwa ta sake duban yashin. Ta ce, "Ni ma."

Na ɗauka shi ke nan, mun yi wahalar banza, na kuma ɓata abin da bakina. Na fara cewa mu koma. Sai ta ce, "Sauke ni."

Muka shimfiɗa darduma a wajen igiya, muka zaunar da ita, na tsuguna a bayanta ta jingina da ni. Mu matan Madina mun saba da wannan. Ba ma shiga maƙabarta, a bayan katanga muke tsayawa mu yi sallama, ba mu san wane tudu ne namu ba, muna dai san suna ciki. Inna ta gyara kallabinta da hannu ɗaya, ta fuskanci yashin, ta yi sallama. Sallamar ta fito cikakkiya, ba gargada, abin da ta yi wata biyu ba ta iya ba.

Sannan ta ce, "Inna."

Tun da nake ban taɓa jin wannan kalma a bakinta tana kiran wani da ita ba. Muryar ma ba tata ba ce, siririya ce, ta yarinya.

"Inna, ni ce." Ta numfasa. "Ban zo ba." Ta sake numfasawa, ina jin haƙarƙarinta a ƙirjina. "Yunwa ce, Inna. Yunwa nake ji."

Ta karkata kai, tana jira. Wallahi jira take, yadda yaro ke jira in ya gama faɗin laifinsa. Ruwa yana zuwa yana komawa. Yaya ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Mai gadin ya koma ɗakinsa. Babu wanda zai amsa mata, kuma na ga ba za ta tashi ba sai an amsa. Shekara kusan tamanin tana ɗauke da wannan, tana soya gyaɗa, tana goyonmu, tana aurar da mu, ba wanda ya sani.

Ni da na ƙi cewa "e" ɗazu, Allah ya yafe mini, sai na sa bakina a bayan kunnenta, na sassauta murya, na ce, "Ci abinki, 'yar nan. Ni na ce a ba ki."

Ba ta waiwayo ba. Jikinta ne ya saki a hankali, nauyinta duka ya dawo kaina. Ta ce, "To, Inna."

Muka zauna a haka har rana ta kusa taɓa ruwa, Yaya ya ce magariba za ta same mu a hanya. Jalɗa ta biyu ta zo kafin sanyin wannan shekarar ya shiga, ta tafi da sauran maganar, ita ma Inna ba ta daɗe ba bayanta. Ban taɓa sanin ko ta gane muryar wa ta ji ba. Na so in tambaye ta a mota, na ga ta yi barci, na ce sai gobe. Ina kewarta ƙwarai, kuma babu abin da nake so irin in sake jin wannan nauyin a ƙirjina.